Wutar da Ta Buɗe Bakin Ɗiyata

Ko zan manta komai a zamana na Abijan, ba zan manta ranar da wani tsohon Bature ya cinna wuta a gaban ɗiyata ba.

A shekarar aka yi gobara a gidan hayarmu na unguwar Bromakoté. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma tun daga ranar ɗiyata ta daina magana. Tana 'yar shekara huɗu. Ko ashana aka ƙyasta sai ta shige bayana. Na koma yin girki a gidan maƙwabta don kada ta ga harshen wuta. Mun je asibiti, mun ba ta rubutu, shiru.

Maigidana mahauci ne a Adjamé. Akwai wani tsoho ɗan Faransa da ya daɗe yana sayen nama a wurinsa, shi ya gayyace mu gidansa a Belleville cin abincin garinsu. Ban so zuwa ba, maigida ya ce ba a ƙin kiran dattijo.

A tsakar gida muka sami tsohon tsugune gaban wani faffaɗan katako, yana jera wasu ƙananan halittun teku masu baƙin ɓawo biyu, wai mul. Ɗaya jingine da ɗaya, bakinsu ƙasa don kada toka ta shiga. Maigida ya ce abin ruwa ne, halal ne. Sai tsohon ya rufe su da tulin busasshen ganyen wata bishiya wai filawo, mai kama da tsinken tsintsiya, ya zaro ashana.

Na suri yarinyar zan fita. Maigida ya yi masa bayani da Faransanci. Tsohon ya dube ni, ya yi magana a hankali, maigida ya fassara:

"Ya ce ki zauna ki riƙe ta. Wutar nan ba ta daɗewa."

Har yau ban san abin da ya zaunar da ni ba. Wuta ta tashi ta fi ƙugun mutum, ɗiyata ta kafa mini farce a wuya, ina jin bugun zuciyarta a ƙirjina. Ina ta salati. Kafin in kai ƙarshe, wutar ta lafa, ta kwanta. Tsohon ya ɗauki kwali yana fifita tokar, halittun duk sun buɗe ɓawonsu, ƙamshin hayaƙi ya cika gidan.

Yarinyar ta ɗago kai ta daɗe tana kallo. Sai na ji wata 'yar murya a kunnena:

"Inna, ta mutu?"

Na ce ta mutu. Na kasa cin komai don kuka, su kuwa suka ci da burodi, hannu baƙi ƙirin.

A ranar na gane cewa farkon wuta kawai ɗiyata ta taɓa gani, ni kuma na hana ta ganin ƙarshenta. Abin da yaro ke tsoro, ba ɓoye masa za ki yi ba. Ki rungume shi, ku kalla tare har ya wuce.