Orval Stemmler, Mai Toshe Bututu da Ƙanƙara

Shekara talatin da bakwai ke nan, shida saura kwata na safe Orval Stemmler yake tayar da tsohuwar a-kori-kurarsa. In lokacin sanyi ne sai ya fara share dusar ƙanƙara daga ƙofar gidansa, sannan ya tsaya shagon bakin hanya ya karɓi baƙin kofi, ba madara ba sukari, ya bi titin gefen tafki har ƙofar tashar lantarki ta nukiliya. Can ciki ya tuɓe kayan gida, ya sa na aiki, ya maƙala 'yar na'urar auna tururin nukiliya a ƙirji, ya gangara ƙasa inda bututu suka fi mutane yawa. Ranar Juma'ar nan zai ajiye aiki. Na yi shekara ashirin ina kai masa tankokin aikinsa, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi yawancinsa.

Yaran yanzu ba su san yadda aka yi muka sami irin tasharmu ba. Bayan yaƙin duniya na biyu kowace babbar ƙasa ta zaɓi irin murhun nukiliyar da za ta riƙa samun lantarki da shi. Amurkawa suka yi ƙatuwar tukunyar ƙarfe guda ɗaya, da ruwa irin na famfo, da yuraniyam da aka tace aka ƙara masa ƙarfi. Ingila da Faransa suka fara da nasu mai aiki da iskar gas, daga baya suka karkata ga na Amurka. Mu a Kanada ba mu da wurin tace yuraniyam, ba mu da maƙerar da za ta ƙera tukunya mai wannan girma. Abin da muke da shi yuraniyam ne yadda aka haƙo shi, sai taurin kai. Sai muka yi namu: ɗaruruwan bututu a madadin tukunya ɗaya, da ruwa mai nauyi. A ido ba ka bambanta ruwan nan da na sha, amma samunsa wahala ne, kuma in ya yi shekaru yana zagaye murhu ba ka so ko ɗigo ya taɓa jikinka. Inda bututu ya yi yawa kuwa, bawul, makunnin buɗe ruwa da rufe shi, ya yi yawa. Da wannan masu son na Amurka suka daɗe suna yi mana gori: naku yoyo.

Nan aikin Orval ya shigo. In bawul ya lalace, ba a kwashe ruwan layin gaba ɗaya. Orval zai ɗaura wa bututun riga ta ƙarfe, ya ɗura mata ruwan naitirojin, mai sanyin da in ya zuba a yatsa yatsan ya tafi ke nan. Ruwan cikin bututun sai ya daskare ya zama toshiya. Daga nan masu gyara su kwance bawul ɗin, fuskarsu a bakin bututu, ba abin da ya raba su da ruwan sai ƙanƙarar Orval. Doka kuwa ita ce ba mai sa sifana sai Orval ya sa hannu a takarda.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce murhunanmu huɗu suka tsufa. Gwamnatin lardi ta kafa kwamiti ya duba abu biyu: a sabunta namu, ko a rufe tashar a sayo samfurin Amurka a gina can kudu kusa da birni. In aka rufe, garinmu Port Garrow ya mutu. Mutum dubu uku ke aiki a tashar, sauran kuma su suke sayar wa burodi da taya. A shagon kofi ba a wata hira sai ita.

Lucien Thibodeau, mai haɗa bututu, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce wa Orval wata safiya, "In suka sayo na Amurka, tsoho, sai mu buɗe maka shagon askirim. Ka dai iya daskarar da abu."

Orval ya ce, "Kai kuma ka koma Quebec ka ci gaba da damun shanun babanka da surutu. Na ji tun da ka taho suka ƙara nono."

Manajanmu a lokacin Gwyn Pritchard ne, mutumin Wales, wadda take ƙasa ɗaya da Ingila. A gabansa ƙasarsu ta juya wa samfurinta baya, ya kwaso iyalinsa ya taho nan, ya kuma rantse ba zai ga haka sau biyu ba. Kwamiti zai zo ranar Alhamis, shi kuma so yake su tarar da murhu huɗu duk suna ci. Na uku yana kashe saboda bawul ɗaya. Tsarin shi ne Orval ya daskarar da safiyar Talata, Thibodeau ya gyara da rana, Laraba a tayar.

Talata da hantsi awa huɗun da takardar aiki ta ce a jira ƙanƙara ta kama suka cika. Ma'aunin sanyi ya nuna abin da ake so. Thibodeau ya sa rigar roba, yana tsaye da sifana yana fito. Orval ya durƙusa yana kallon bututun. Farin sanyin da ke fitowa a jikin ƙarfe ya yaɗu fiye da taƙi guda ta hannun dama na rigar. Ta hagu bai wuce yatsa uku ba.

Orval masuncin kan ƙanƙara ne tun yana ƙarami. Duk wanda ya taɓa huda tafkin nan a watan Janairu ya san bakin kogi: daga sama fari fat kamar ko'ina, amma ƙasa ruwa yana tafiya, ƙanƙarar ba ta da kauri. In ruwan bututu a tsaye yake, farin nan daidai yake yaɗuwa dama da hagu. In ya karkata gefe ɗaya, ruwa na rarrafe a ciki, wato akwai kafa a tsakiyar toshiyar. Babu wannan a takarda. Ya miƙe ya ce ba zai sa hannu ba.

Ba a yi minti goma ba Pritchard ya sauko.

"Orval, awa huɗu sun cika?"

"Sun cika."

"Ma'auni ya kai?"

"Ya kai."

"To me kake jira? Bazara?"

"Yallaɓai, ruwa na motsi a ciki. Akwai inda yake fita, ban san inda ba. Ma'auninka fatar bututu yake ji, ba cikinsa ba."

"Ka san su wa ke zuwa jibi?"

"Na sani. Matata ta yi musu kek."

Pritchard ya yi ja har kunne. Ya rage murya ya ce, "Na taɓa ganin an rufe tasha, Orval. Kai ba ka taɓa gani ba. Na ga mutane irinka suna tsaye a layi da takardar neman aiki. Injiniyoyi uku sun ce toshiyar nan ta yi."

"To ɗaya daga cikinsu ya zo ya tsaya inda Lucien zai tsaya."

Shi kansa Thibodeau ya jefar da sifana. "Haba tsoho! Fuskata ce, ba taka ba. Sa hannu mu wuce wurin!"

Orval ya ce, "Fuskar ba ta da kyau, amma matarka ta saba da ita."

Ba wanda ya yi dariya. Aka dakatar da aiki, aka shiga bin layin bawul bayan bawul ana neman inda ruwa ke zurarewa. Layin kuwa ya ratsa ɗakuna shida.

Kafin azahar ta Laraba labari ya gama gari. Noreen, matar Orval, ta shiga kantin cefane, matan da suke coci ɗaya suka duƙufa karanta bayan gwangwani. Wani ya rubuta "ɗan Amurka" da yatsa a dusar da ke kan motarsa. A ɗakin cin abinci ba wanda ya matsa masa kujera, sai ya koma mota ya ci sanwicinsa shi kaɗai. Kada wani ya ce muku zuciyarsa a dake take. Daga baya ya faɗa mini cewa yana zaune yana kallon hasumiyar tasha yana tuna 'yarsa da ta fara aiki a ɗakin gwajin ruwa wata huɗu da suka wuce, yana tambayar kansa ko tsufa ne ya fara sa shi ganin abin da babu. An bi ɗakuna huɗu ba a sami komai ba. Sau biyu ya sauka ya sake auna farin nan da yatsunsa. Bai canja ba.

Alhamis kwamiti ya iso, murhu na uku shiru. Shugabarsu, Dakta Halyna Kowalchuk, 'yar gajeriyar mata mai furfura, ta tambayi dalili. Pritchard yana iya cewa gyara ne ya ɗan ja lokaci, ba mai ƙaryata shi. Sai ya ce, "Ma'aikacina ya ƙi sa hannu." Ta ce a kai ta wurinsa. Aka sa mata kayan aiki da suka yi mata yawa, ta gangaro tana naɗe hannun riga.

"Kai ne ka kashe mana rubu'in tasha?"

"Ni ne, Dakta."

"Nuna mini."

Ya nuna mata dama, ya nuna mata hagu, ya yi mata bayanin bakin kogi. Ta tambaye shi wace makaranta ya koyi wannan. Ya ce tafki, kuma bai gama sakandare ba.

"In kuma ka yi kuskure fa?"

Orval ya ce, "To na kashe garinmu a banza ke nan. Sai in tattara in bar shi, don ba zan iya shiga coci ba."

Ta juya ga Pritchard. "Ba za ka iya tilasta masa ba?"

"Zan iya korarsa," in ji Pritchard. "Amma ba zan iya sa hannu a madadinsa ba."

Ta hau bene, suka ci kek ɗin Noreen, suka tafi. Duk muka ce shi ke nan, an gama da mu.

Juma'a da hantsi, a ɗaki na shida, bayan wani tanki, aka sami ɗan ƙaramin bawul na magudana da bai zauna daidai ba. Ruwa na bi ta nan siriri kamar zare. Aka ɗaure shi. Cikin awa biyu farin ya daidaita dama da hagu, Orval ya sa hannu, aka yi gyara. Injiniyoyi suka ce da an kwance bawul ɗin ranar Talata, da kafar nan ta cinye toshiyar a hankali har ta ɓalle, mutum biyu na tsaye a bakinta. Ranar Litinin Thibodeau ya ajiye faranti cike da kek mai man shanu a kan akwatin kayan aikin Orval.

"Matata ta ce in kawo. Ba ni ba."

"Na sani. Da kai ne da ka cinye rabi a hanya."

Bayan wata bakwai gwamnati ta zaɓi a sabunta namu. Ba zan ce saboda Orval ba ne, don ba na ƙarya ko don yabo. Rahoton ya fi shafi ɗari huɗu, akwai maganar ma'adinai, akwai siyasa, akwai masana'antun da ke ƙera mana bututu. Har yau masu son na Amurka suna da hujjojinsu, wasu ma masu ƙarfi. Amma a wani shafi can ciki an rubuta cewa kwamiti ya ga tasha inda ƙaramin ma'aikaci ya tsayar da aiki a makon da ya fi kowane muni, kuma aka bar shi ya tsayar. Ba a sa sunansa ba. An kuma ƙara layi a takardar aikin daskararwa: a auna farin sanyi ta gefe biyu kafin a sa hannu. Nan ma ba sunansa.

To ni na sa. Orval, kai ne ka tsaya kwana uku gari guda na zaginka, ba ka da tabbas, sai abin da idonka ya gani. Kai ne toshiyar da ba ta taɓa ɓallewa ba: sau ɗari tara da wani abu ka daskarar da bututu, ba mutum ɗaya da ya jiƙe a bayanka. Kai ne ka koya wa mutum goma sha huɗu aikin nan, biyar mata, kuma ba wanda ka yaye sai da ka kai shi tafki ya huda ƙanƙara da hannunsa. Manyan mutane sun zaɓa mana samfuri a ofis shekaru sittin da suka wuce, amma irinka ne suka hana zaɓin ya zama abin kunya.

Da na gaya masa zan rubuta wannan, ya ɓata rai. Ya ce, "In dole ne, ka rubuta cewa Pritchard bai kore ni ba. Yana da iko, kuma ya fi ni jin tsoro ranar."

Na rubuta. Ku matasan da ke shiga ƙofar nan yanzu, murhunan da aka sabunta za su kai ku shekara talatin nan gaba, kuma wata rana takarda za ta ce ya yi, idonku ya ce bai yi ba. Ku tsaya. Ku kuma masu ofis, in ƙaramin ma'aikaci ya tsaya muku, ku haɗiye fushi ku saurare shi. Mun gode, Orval. Garin da ka yi tsammanin ka kashe yana nan da ransa, kuma kowa a cikinsa ya san irin mutumin da ya zaga a wancan makon.