Gangar da Tsoho Ya Maido

Iliya ɗan ƙanen babana ne. Gidanmu musulmi ne, nasu kirista, amma katanga ɗaya ta raba mu a wani ƙauye kusa da Sabon Gida, don haka ba abin da yake yi da ban sani ba. Sana'arsa gyaran injin ban-ruwa a garaken albasa. Aikin da ya cinye masa rai kuwa shi ne jagorancin matasan majami'arsu, shekara tara ke nan, kuma ni dai ban ga abin da ya samu ba sai furfura.

Matsalarsa ɗaya ce. Zai ɗauki yaro tun yana zubar da majina, ya koya masa waƙa da karatun Littafi Mai Tsarki, sai gashin baki ya fara tsirowa, a gama girbin hatsi, yaro ya shiga mota ya tafi biɗa, wato ci-rani, Abijan ko Libiya. Iliya ya sake komawa farko. Shi bai taɓa zuwa biɗa ba saboda ƙafarsa da shan-inna ta taɓa, shi ya sa yake ganin kowa ma zai iya zama.

Bara dattawan majami'a suka gaji. Suka ce ɗakin da matasa ke taruwa ya fi amfani in an zuba albasar gonar majami'a a ciki. In Iliya ya tsayar da matasa goma suka yi wasan Nowel, wato Kirsimeti, ɗaki nasu ne. In bai iya ba, albasa ta shiga. Yana da 'yan mata huɗu da samari bakwai. Babbansu Tsoho, ɗan shekara sha shida, mai ganga, wanda Iliya ya koya wa kiɗa da hannunsa.

Mako uku kafin Nowel, Iliya ya leƙo gidana yana washe baki.

"Yaya A'i, yaran nan sun shiryu! Hamidu ya maido min fitilar da ya ara tun bazara. Zakariya'u ya kawo littahin waƙa. Tsoho ma ya maido ganga, har da sabuwar hwata ya sa mata."

Na ajiye muciya na dube shi. Wallahi haushi ya kama ni. Duk garin nan wa bai san cewa mai shirin tafiya ba ya faɗin ranarsa, don gudun baki, sai dai ya bi gida-gida yana maida kayan aro ba? Na ce, "Kai Iliya, mi ka hana ka gani? Waɗanga sallama suka yi ma."

"Haba Yaya, ke kullum sai mugun zato."

Bai tsaya nan ba. Ranar Lahadi ya miƙe gaban jama'a ya yabi samarin ɗaya bayan ɗaya, ya ce a yi koyi da amanarsu. An ce iyayen sun sunkuyar da kai, don su ma sun sani. Ranar kasuwar Madawa samari biyar suka shiga mota, Tsoho na cikinsu.

Ya yi wasan Nowel da mutum shida. Sabuwa, ɗaya daga cikin 'yan matan, ta fito a Maryamu, ta koma bayan labule ta ɗaura rawani ta fito a makiyayi. Mutane suka yi ta dariya, Iliya na kaɗa ganga da kansa, idonsa ja wur. Na leƙa ta taga na gani, na dawo gida raina a ɓace.

Da aka cire albasa, shi ya kwashe bencunan ɗakin matasa da ɗingishinsa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Amma gangar ya bar ta rataye a bango, bisa tulin albasa. Na ce ya ɗauke ta kafin ɓeraye su ci fatar.

"Bari ta nan, Yaya," ya ce. "Wanda ba ya da niyyar komowa ba shi sa sabuwar hwata."

Na buɗe baki in tuna masa cewa samarin da suka tafi shekaran bara ma har yau ba ko ɗaya da ya komo. Sai na ga yana shafa fatar da tafin hannu, na ɗauki tuluna na wuce.