Babbar Rigar Baba a Gadon Asibiti

A gidanmu kowa ya san idan na ce na ga ɓera kamar akuya, to ɗan jaba ne ya gifta. Umma takan ce da ana biyan mutum kan ƙarin gishiri a zance, da tuni na gina mata bene a Onitsha. Na taɓa gaya wa 'yan ajinmu cewa wata mata ta shiga cunkoson motoci na Upper Iweka, nan Onitsha, da ciki, ba ta fito ba sai da yaron ya fara tafiya. Har malamarmu sai da ta dafe tebur don dariya.

A bakin wannan cunkoson Baba yake sayar da albasa tun kafin a haife ni. A nan ne motar wani kamfanin lemo, tana ja da baya, ta hau rumfarsa ta danne masa ƙafar dama. Wani ɗan okada ya ɗauki abin a waya ya saka a intanet. Kafin la'asar bidiyon ya zaga ko'ina. Mutanen da ba su taɓa sayen albasar miya ɗaya a wurinmu ba suna ta zagin kamfanin, suna rantsuwar sun daina shan lemonsu. Ina zaune a barandar asibiti ina karanta wa Umma, ita kuwa kuka kawai take yi.

Likita ya ce ƙashin ya farfashe, ɗori ba zai yi ba. Sai an kai shi babban asibiti a Enugu an sa masa ƙarfe, kuma da wuri, in ba haka ba za a rasa ƙafar. Ba mu da halin wannan aikin. Ana cikin haka kamfanin ya kira wayar Baba. Ni na ɗauka, don ni ce mai Turancin gidan. Suka ce gobe za su zo dubiya, kuma su za su ɗauki nauyin komai.

Baba, mutumin da ya wuni yana nishi, da jin za a yi baƙi sai ya ce Umma ta je gida ta ɗauko masa babbar rigarsa ta sallah, da hula, da turare. Ya sa muka jingina shi da matasai har ya zauna, gumi na zuba a goshinsa. Ya ce a lulluɓe ƙafar da bargo. Sannan ya aike ni sayen lemo.

Na ce, "Baba, lemon mutanen da suka take ka?"

Ya ce, "Ke, baƙi ne fa. Da ruwan famfo za mu tare su?"

Wadda ta zo ta ce ita ce jami'ar hulɗa da jama'a ta kamfanin. Faratanta kaɗai sun isa a yanka albasar kasuwa guda. Tana tare da wani mai kamara, da kwandon 'ya'yan itace da aka ɗaure da kyalle mai ƙyalli. Ta durƙusa a gefen gado ta ce, "Papa, how body?"

Baba ya yi murmushi ya ce, "Da sauƙi. Da sauƙi sosai, alhamdulillahi."

Ta juyo ta tambaye ni me ya ce. Na fassara mata, na kuma ƙara da cewa mu haka muke amsawa, ko mutum yana gargarar mutuwa ne in aka ce ya jiki, da sauƙi zai ce. Ta gyaɗa kai kamar ta gane. Ta tambaye shi ko yana fushi da direban. Baba ya ce ƙaddara ce, ya yafe masa duniya da lahira. Na kai hannu zan yaye bargon su gani da idonsu, ya yi mini wani kallo da ya sa na maida hannuna kan cinyata.

Washegari suka saki nasu bidiyon, da kiɗa mai taushi a ƙasa. Baba ya fito kamar ango. Sun yanke bayanina gaba ɗaya, sun bar murmushinsa, da "da sauƙi", da yafiyar. Masu zagin jiya suka koma yabo, wasu har suna cewa ga kamfani mai tausayi. Bayan 'yan kwanaki kowa ya koma kan rigimar wasu mawaƙa. In na kira matar sai ta ce ana duba maganar. Daga baya ta daina ɗauka.

Na rubuta gaskiya a ƙarƙashin bidiyon, na ce ƙafar ta kumbura ta fara wari. Wata 'yar ajinmu ce ta fara amsawa, da fuskokin dariya: "Ke kin fara ko? Ga babanki nan garau."

Na roƙi Baba ya bari in ɗauki hoton ƙafar in saka.

Ya ce, "In nuna wa duniya ciwona kamar mai talla? Mace ta zo har gadona ta durƙusa ta yi alkawari. Za su zo."

Ba su zo ba. 'Yan kasuwarmu ne suka yi karo-karo a masallaci bayan sallar Juma'a, aka ɗauke shi zuwa Enugu. Lokacin an makara. A ƙasan gwiwa suka yanke.

Yanzu ya koma rumfarsa, yana zaune a kan benci, sandar dogarawa jingine da buhun albasa. Duk wanda ya tsaya ya ce, "Malam, ya jiki?" sai ya ɗago da fara'a ya ce, "Da sauƙi." Ni kuwa in na ji, sai in sunkuya in shiga tsince ruɓaɓɓu.

Bidiyon yana nan a shafinsu har yau. Umma ba ta san ina kallonsa ba. Nakan tsayar da shi daidai inda kamarar ta ja baya ta nuno gadon gaba ɗaya. A wurin, ƙarƙashin bargon nan, tudun ƙafafu biyu ne.