Bangon Mushe Isufu da kwamitin launi

Shekaru sun ja, mai yiwuwa na haɗa wasu abubuwa da wasu, amma ranar da kwamiti ya zo duba bangonmu ba ta fita raina ba. Lokacin an buɗe ƙofar jam'iyyu, ni kuma sabon fitowa daga lakol, wato makaranta, a Yamai, an turo ni labo, wato ɗakin gwajin jini, a wani ƙaramin asibiti cikin yankin Agiye. Shugabanmu babban ma'aikacin jinya ne, Majo muke ce masa.

Wani malamin firamare daga Gidan Sori, Mushe Isufu (Mushe muke ce wa malamin boko, daga Faransanci), ya same ni bayan ciwon daji ya ɗauki mahaifiyarsa. Ya ce, “Ina so in ga abin da ya cinye Inna.” Na gaya masa ba mu da kayan wannan gwaji, sai dai na buɗe masa littafina na makaranta, na nuna masa hoton ƙwayoyin jiki masu lafiya da masu ciwon. Ya daɗe yana kallo. Da izinin Majo ya zana su a bangon rumfar jira: ba mutum, ba dabba, sai da'irori. Shuɗaye ƙanana a jere, jajaye manya marasa fasali sun hau kansu. Launukan ma na sauya su a wannan labari, gudun rigima.

Ashe shuɗi da ja launukan jam'iyyu biyu ne na garin. Masu shuɗi suka kai ƙara buro, wato ofishin hukuma, wai asibitin gwamnati yana yi wa ja kamfe. A ƙa'idar lokacin, ko rijiya za a yashe sai an kafa kwamiti mai wakilin kowane ɓangare. Aka kafa, da ikon shafe bango da farar ƙasa.

Suka zo da safe. Alhaji Sanda na ja ya dubi bango yana murmushi. “To mene ne laifi? Yaro ya zana gaskiya, mun fi yawa.”

Malam Habu na shuɗi ya sa aka auna da igiya. “Kun gani? Ko rabon naman layya ba a yi mana haka ba.”

Mushe Isufu ya ce, “Alhaji, uwata ce fa.” Ba wanda ya juyo.

Majo ya tura ni gaba. “Ga mai takarda, ya yi bayani.”

Na matsa kusa da bangon. Na ce, a iya sanina, kuma ina iya kuskure, shuɗayen su ne lafiyayyu. Jajayen kuwa ciwon ne: suna hayayyafa ba tsayawa, suna cinye abincin maƙwabta, har su kashe jikin da ke ɗauke da su.

Malam Habu ya naɗe igiyarsa. “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Wannan bango ilimi ne, kada a taɓa shi.”

Alhaji Sanda ya buga sanda. “A shafe yau! Wa ya biya ka?”

Har azahar ba su daidaita ba. Aka ce in rubuta rahoto a aika Maraɗi, kuma kafin amsa ta zo kada kowa ya sa wa bango hannu. Na yi shafi huɗu, ban yanke komai ba. Har aka canza mini wurin aiki amsa ba ta zo ba, zanen yana nan, mata na zama ƙarƙashinsa suna jiran awo.

Abin da na koya, ƙannena, a aikin gwamnati takardar da ta kwanta a buro wani lokaci ita ce rahama. Amma akwai abin da ke damuna. Wuni guda muka yi kan bangon nan, kuma daga kwamiti har ni babu wanda ya tambayi Mushe sunan mahaifiyarsa. Wanda ya halarta ya gyara mini inda na kauce, in kuma ya san sunan, don Allah ya aiko mini.