Binlan ɗin da A-Hok Ya Ƙi Taunawa

Lua Kim-hok, wanda direbobin tifa na kudancin Pingtung suke kira A-Hok, mutum ne da hannunsa yake riga bakinsa magana. Shekara talatin da ɗaya yana ɗibar tsakuwa daga bakin kogi, kuma a cikinsu ya karya hancin mutum huɗu, shi ma an zubar masa da haƙora uku. Ni dai ban ɗauke shi mugu ba, zuciya ce gare shi mai saurin kamawa kamar busasshiyar ciyawa. Kowace rigima tasa kuwa hanya ɗaya take ƙarewa. Mai unguwa ya tara su a ƙofar haikali, mai laifi ya miƙa binlan da hannu biyu, wata koriyar ƙwaya da ake taunawa kamar goro, a naɗe cikin ganye da farar ƙasa, wanda aka yi wa laifin ya karɓa ya jefa a baki, su tofar da jan yawu tare, magana ta mutu. Wanda ya ƙi tauna binlan ɗin sulhu ya ce a ci gaba da faɗa ke nan.

Babban abokin gabarsa shi ne Ban-tsai, wani direban, tun suna samari suke dambe suna shiryawa. Na ƙarshe a layin lodi aka yi. Ban-tsai ya tsallake layi, A-Hok ya diro daga mota yana zagi, kafin ya ɗaga hannu Ban-tsai ya sheme shi da sifana a kuncin hagu. Jini ya cika masa baki har ya ƙware shi. Ciwon ya warke, amma wani tabo fari-fari mai kaushi ya zauna a cikin kuncin. Wata huɗu duk lokacin da harshensa ya taɓa wurin sai ya tsine wa Ban-tsai.

Matarsa Giok-lan, mai sayar da kunun shinkafa a bakin kasuwa, ita ce kaɗai mahaluƙin da yake shakka. Ranar da ta ji ana duba bakin masu cin binlan a asibitin gunduma, ta zare makullin tifa ta sa a aljihunta.

"Tsoho, ko ka je a duba ka, ko ka kai tsakuwar a ka."

"Shatin sifanar ɗan iskan nan ne kawai."

"To je ka nuna wa likita, ta yaba masa."

Likita Ang, wata 'yar siririyar mace, ta sa shi ya kuskure baki sau uku kafin jan binlan ya fita. Ta ja labule, ta haska masa fitila mai shuɗin haske tana leƙawa ta gilashi, hoton yana fitowa a allo. Duk naman bakinsa ya yi wani kore yana ƙyalli, sai wuri ɗaya da ya yi baƙi kamar an ɗiga tawada.

"Kin gani ko? Aikin Ban-tsai ne."

"Kawu, sifana ba ta yin wannan. A nan kake ajiye binlan, ko ba haka ba? Wannan naka ne, shekara talatin kana gininsa."

Ta sa shi ya gwada cusa yatsu uku a jere tsakanin haƙoransa, suka shiga da ƙyar. Ta ce wanda nasa ba sa shiga, naman bakinsa ya riga ya ƙage. Sannan ta ɗauko ɗan mitsitsin buroshi ta murza a kan tabon har ya yi jini, ta tura abin da ta kankaro ɗakin gwaji. Bayan kwana goma aka kira shi. Ciwon daji ne, amma bai yi jijiya ba. Aka yanke wurin aka ɗinke, kuma kafin a sallame shi likitar ta faɗa masa ba kwana-kwana: in ya sake taunawa zai dawo, kuma a karo na biyu rabin muƙamuƙinsa za a cire. A-Hok ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba a gaban kowane namiji, ya kuma hana matarsa gaya wa kowa. Abin kunya ne a wurinsa direbobi su ji.

Sati biyu da aikin, mai unguwa tsoho Khu ya kira sulhu. Direbobi sun fi ashirin a ƙofar haikali. Ban-tsai ya rame, ya miƙo faranti da hannu biyu kansa a sunkuye. A-Hok ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya jefa a aljihun riga.

"A-Hok, baki ake sawa," in ji tsoho Khu.

"Na karɓa, Baba. Ba zan tauna ba."

"Yaya Hok, ni za ka wulaƙanta a gaban mutane?" Muryar Ban-tsai ta fito a shaƙe. "Na sunkuyar maka da kai kamar kare!"

Ya kwaɗa masa farantin a goshi. A-Hok bai rama ba, hannu biyu ya sa ya rufe kuncinsa mai ɗinki. Ban-tsai ya kai shi ƙasa ya dinga zuba masa takalmi a haƙarƙari, aka ji ɗaya ya yi ƙara. Da ƙafar ta nufo fuskarsa, tsohon halin ya motsa. Ya cafke ta ya murɗe, ya fyaɗa Ban-tsai da siminti, ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya ɗaga dunƙule.

Ban-tsai yana ta zagi, amma bakinsa ba ya buɗuwa. Ko yatsa ɗaya ba zai shiga ba, ga wani wari yana fitowa kamar na ruɓaɓɓen nama. Hannun A-Hok ya tsaya a sama.

"Tun yaushe bakinka yake haka?"

"Ina ruwanka? Buga in za ka buga."

A-Hok ya shaƙo kwalarsa ya ja shi a ƙasa har tifa, mutane suna biye suna rirriƙe shi, sun ɗauka kogi zai kai shi ya halaka. Asibiti ya kai shi, shi kansa A-Hok ɗin yana tarin jini. Da Likita Ang ta haska ta 'yar kafar da ta samu, allon bai nuna kore ba sai a gefe-gefe. Ba ta ma ɗauko buroshi ba, ta rubuta takardar babban asibiti.

Wata tara Ban-tsai ya yi yana jinya kafin ya rasu. A-Hok ne yake kai shi yana dawo da shi, suna zagin juna a hanya, har maganar Ban-tsai ta daina fita ya koma zagi da yatsa.

Ranar jana'iza A-Hok ya kunna turare a gaban hoton mamacin, ya laluba aljihu ya fito da binlan ɗin nan, ya bushe ya yi baƙi. Ya ajiye shi da hannu biyu.

"Ɗan iska," ya ce, hawaye suna bin kuncinsa mai tabo. "Ai tun ranar na karɓa."