Ƙudujin da Na Shuka wa Inna

Ranar wata Asabar a ƙarshen damina, shekara biyu bayan Gusau ta zama babban birnin jiha, motar da ta ɗauko mu daga bikin suna a Tsafe ta yi faci a bakin wata gona. Ina aji huɗu a lokacin. Manya suka nemi inuwa, ni kuwa idona ya faɗa cikin gonar. Dawar duk ta tsumbure, amma ƙarƙashinta wani fure ne jaja-jaja mai sirkin shunayya ya shimfiɗu har iyakar ganina. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba. A makon nan Malama Rabi, mai koya mana aikin gona, ta ce kowa ya tara irin furen daji mu shuka da ruwan farko. "Furen ƙasarku ba ya son lallashi," in ji ta. Na tsugunna na tsinko waɗanda suka fara bushewa, na ƙunshe a ɗankwalina. A gida na murje su a kwalin ashana, irin ya fito laushi kamar toka.

Da na kai wa Malama, da labarin ya ƙare a nan. Amma ni 'yar ma'aikaci ce mai jin kanta, wadda ba ta san gero daga maiwa ba, ga son a yaba mata. 'Yan ajinmu suka kawo karkashi da tafasa da duman kada, na dube su a raine. Nawa ya fi ƙarfin lambun makaranta. Na ɓoye shi don in yi wa kakata, Inna Habi, kyautar ba-zata.

Inna tana zaune a wani ƙauye kusa da Bungudu, can nake yin kowane hutu. Da safe mu share tsakar gida, mu ɗebo ruwa a rijiya, mu watsa wa kaji tsaba, da yamma mu yi carabke a gindin ɗorawa har a kira mu tuwo. Bayan dangar gidan akwai 'yar gayaunarta ta dawa, wadda ba ta yarda kowa ya sa mata hannu a ciki ba. Daga nan take cika ɗan rumbunta, ta yi koko da kyauta ba tare da ta roƙi ɗanta Kawu Sani ba. Ƙarfin gayaunar kuwa daga Dije yake, wata Bafulatana mai tallar nono, aminiyar Inna tun suna amare. Duk rani shanun gidan su Dije ke kwana a wurin, su ci kara su bar taki. In Dije ta sauke ƙwaryarta a ƙofar ɗakin Inna, sai tsiya da dariya har la'asar.

A hutun bazara, da hadari ya fara haɗuwa, na faki idon kowa na zagaya kusurwar gayaunar. Na jera duwatsu murabba'i kamar yadda Malama ta koya mana, na barbaɗa irin a ciki, sauran na watsa wa iska. Aka yi ruwa, na leƙa, ba komai. Na yi fushi da irin na koma Gusau. Ban san ciyawar ba ta fitowa sai ta sami saiwar dawa ta maƙale mata ba.

Da na dawo a dogon hutu, furena ya fito. Na sheƙo da gudu in kira Inna, sai na tarar da Kawu Sani a tsaye da tsumagiyar furen a hannu, Dije na durƙushe gaban ƙwaryarta.

"Ƙuduji na, Inna," in ji Kawu. "Shi ka kashe dawa. Gonag ga ba ta taɓa yin shi ba. Shanunsu sunka kiwo inda yake, sunka zo sunka kasayar muna da iri."

Dije ta ce, "Haba Sani, ni da na goye ka? Shekara nawa shanunmu na kwana nan?"

"To bana sun yi na ƙarshe."

Inna ta juyo. Ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Maganar tana bakina, amma na san bulalar Kawu, na kuma san dariyar da yaran ƙauye za su yi wa 'yar birnin da ta shuka ƙuduji da hannunta. Dije ta ɗora ƙwaryarta ta fita, ko sallama ba ta yi ba. A shekarar dami biyu kacal aka ɗaure. Muka yi ta tuge ciyawar muna ƙonawa, ina tugewa fiye da kowa, har ana yaba mini da ƙwazo, yabon kuma ya fi zagi ciwo. Da shekara ta zagayo ciyawar ta sake fitowa, ga babu taki. Inna, wadda ba ta taɓa miƙa hannu ba, ta koma jiran awo daga rumbun Kawu. Ba a jima ba su Dije suka yi ƙaura zuwa kudu.

Sai da na gama sakandare, Inna tana kwance ba lafiya, na dama kunu na miƙa mata, na faɗa mata. Na yi tsammanin za ta firgita, sai ta ci gaba da juya ludayinta.

"Na sani, ɗiyata," ta ce. "Saniya ba ta jera duwatsu."

Na ce, "Inna, me ya hana ki faɗa?"

"Da na hwaɗi, da Sani ya sassaɓa miki jiki. Na ce bari in jira ki zo da kanki, mu tai rugga tare mu ba Dije haƙuri. Ina jira har sunka tashi."

Na fi son a ce mari ta yi mini. Dawa dai ana sake shukawa, amma aminiyar shekara arba'in ta tafi tana ganin Inna ta yarda da ƙazafin da aka yi mata, duk saboda bayana da bakina.

Yanzu ina da ɗan lambu a gidana a Gusau. Duk bazara nakan zaɓi iri, karkashi da gadali da duman kada a jikin katanga, kuma ba na sa komai a ƙasa sai na tambayi wani tsohon manomi sunansa da halinsa. 'Ya'yana sun san ƙuduji tun kafin su iya karatu, sun kuma san yadda uwarsu ta san shi. Gayaunar Inna an gina ɗakuna a kanta, shanu ba sa kwana a bayan danga. Amma har yau in mai nono ta yi sallama a ƙofata, nakan tambaye ta ko ta san wata Dije da ta zauna wajen Bungudu. Haƙurin da Inna ta jira mu kai yana nan a wurina.