Takardar Kawu da Mutumin Indiya

Da za a mayar mini da yini ɗaya cikin shekaruna in gyara, da na zaɓi ranar da na jefa takardar Kawu a kogi. Har yau in na ga ana shafa wa mutum tawada a babban yatsa, ko da ranar zaɓe ce, sai takardar nan ta faɗo mini a rai.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni a ƙauyenmu na masunta kusa da Gashuwa. Ya je yaƙin Bama. Sauran tsofaffin soja sun dawo da labarin bindiga, shi kuwa ya dawo da ɗingishi, da iya rubutun boko, da labarin wani mutumin Indiya da ya rasu tun kafin a haife shi. Wani ma'aikacin asibiti mai wanke masa ƙafa a can ne ya ba shi labarin.

Da hantsi, in muna gyaran komar kamun kifi a gindin tsamiya, hayaƙin banda na shiga mana ido, sai ya ɗauko labarin. Ya ce mutumin malamin makaranta ne, ɗan talakawa, har ya kai ga zama a majalisa da Turawa. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, hujja kawai yake jerawa. Ya nemi a rage harajin gishiri. Ya nemi a sa kowane yaro a makaranta kyauta, aka ƙi. Masu zafin kai na ƙasarsu suka ce rago ne. Ya mutu bai ga 'yanci ba, amma wanda ya ja mutanen ƙasar zuwa 'yanci daga baya, mutumin nan ya ɗauka malaminsa.

Wata rana kakata, tana feɗe tarwaɗa, ta ce, "Wai abokin nan naka, ya samu makarantar?"

"Bai samu ba, Inna."

"Ashe shi ya sa jininku ya haɗu."

Kawu ya yi dariya har da tari. Shi ma makaranta yake nema wa ƙauyenmu. Duk shekara in ruwa ya janye, sai ya rubuta koke, ya bi gida-gida da kwalbar tawada, magidanta su dangwala. Ba ƙaramin aiki ba ne, don mutanenmu na tsoron sa yatsa a takardar da ba su iya karantawa. Don shi kaɗai suke yi. Sau uku yana aikawa, sau uku amsa na zuwa cewa an gani, a yi haƙuri. Ya kan karanta wa jama'a amsar kamar albishir.

Lokacin da siyasa ta shigo, mu samari sai mai zafin baki muke so. Aka sa wa Kawu suna Maroƙi. Ina ƙaunarsa, amma sunan na ƙona ni.

A shekara ta huɗu ƙafarsa ta kumbura. Ni kuma na isa bin ayarin kifi zuwa Nguru. Ya naɗe takardar a ƙyalle ya ce, "Ka kai gidan waya da hannunka, jirgin ƙasa zai tafi da ita."

Muna cikin kwalekwale a mashigi, wani sa'ana ya hango ƙyallen. "Ɗan Maroƙi, an gaje sana'a ke nan? Har Nguru za a kai barar?" Aka kwashe da dariya. Na zaro takardar na wurga ta. Ta ɗan yi yawo a kan ruwa, tawadar ta baje, ta nutse. Suka tafa mini.

Da na dawo ya ce, "Ka kai?" Na ce, "Na kai, Kawu." Ya sa mini albarka.

Damina ta zo ta wuce, ba amsa. Duk motar da ta tsaya, sai ya ɗingisa ya je. Mutane suka fara cewa yanzu hukuma ko amsa ma ba ta ba shi. Da shekara ta kewayo ya fito da kwalbarsa, Bulama, mai garinmu, ya ce masa, "Soja, yatsunmu sun gaji." Ya gama zagayen ƙauyen da rabin takarda fari. Bai sake fitowa da ita ba, bai kuma sake ɗauko labarin mutumin Indiya ba.

Makaranta ta zo bayan rasuwarsa, ina da aure da 'ya'ya. Ɗan karatun da nake rubuta wannan da shi, a ajin yaƙi da jahilci na tsinta. Ba zan ce takardar nan ce za ta kawo makarantar ba, Allah ne masani. Abin da na sani, mutane sun daina yarda da Kawu saboda shirun da ni na jawo, kuma na ɗauki makararsa ban faɗa masa ba.

Bara jikata, da take karatu a Nguru, ta nemo mini hoton mutumin a waya. Wani ne mai tabarau, da ɗan naɗi a ka. Na daɗe ina kallonsa, ita tana jiran wayarta.

Don Allah, in akwai wani a unguwarku mai bin ƙofa-ƙofa a hankali yana neman wa jama'a abu, kada ku sa masa suna. In ya ba ku saƙo, ku kai. In kunya ta hana ku, ku mayar masa da abinsa a hannu, ku faɗa masa gaskiya tun yana da rai.